Tambaya da Amsa: Abin da Baƙo Zai Tarar a Gandun Dajin da Ya Yi Nisa da Gari

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga abu guda, wato yawon ganin namun daji a manyan gandayen da hukumomi suka keɓe, musamman waɗanda suka yi nisa da kwalta da birane. Masu harkar yawon buɗe ido suna kiran irin wannan tafiya safari, kalmar Swahili da aka aro daga Larabci, wadda asalinta ɗaya ne da kalmar safara da muka sani. Na zaɓi tambayoyi shida, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Malam, na daɗe ina kallon namun daji a talabijin, inda zakuna ke kayar da ɓauna, damisa kuma tana hawa bishiya da abin da ta kama. Yanzu na yi niyyar zuwa in gani da idona. Shin abin da ake nunawa shi zan tarar?

AMSA: Ɗan uwa, gara in faɗa maka gaskiya tun kana gida. Abin da kake kallo cikin awa guda aikin watanni ne, wani lokaci ma shekaru, na mutanen da suka yi ta kwana a mota suna dako, sannan aka tsince mintunan da suka fi armashi aka harhaɗa, aka watsar da sauran. Zaki yakan shafe kusan awa 20 a kwana guda yana kwance, kuma mafi yawan farautarsa da dare yake yin ta, sa'ad da baƙo yake barci. Saboda haka abin da ya fi yiwuwa ka gani shi ne zakuna baje a inuwa, ciki a sama, suna korar ƙuda da jela.

Sai kuma faɗin ƙasa, wanda mutane ba su cika sa shi a lissafi ba. Gandun Ruaha da ke Tanzaniya ya kai murabba'in kilomita 20,000, Kafue ta Zambiya ta haura 22,000, gandun Nyerere na Tanzaniya kuwa, wanda aka yanko daga dajin Selous a 2019, ya ɗara su duka biyun. Dabba a irin wannan wuri ruwa da ciyawa take bi, ba ta san da zuwan kowa ba. Ana iya yin tafiyar awa biyu ba a ga komai ba sai kukoki da suri da 'yan barewa, sannan a sha kwana guda a tarar da garken ɓauna ya tare hanya, har sai an kashe mota an jira shi ya wuce.

Masu tallan tafiye-tafiye suna yawan ambaton manya biyar, wato zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda. Wannan lissafi na maharban Turawa ne na zamanin da, waɗanda suka ware dabbobin da suka fi hatsari ga mai farautarsu a ƙafa. Wanda ya tafi da niyyar cika shi zai iya dawowa da takaici, domin masu farautar ƙaho sun ƙarar da karkanda a wurare da yawa. Babu ita a Ruaha, babu ita a Katavi ta Tanzaniya, babu ita a Luangwa ta Kudu da ke Zambiya, Luangwa ta Arewa ma dawo mata da ita aka fara yi a 2003. Damisa kuwa ba a banza ake mata kirari da ƙi sabo ba, tana iya kwanciya a kan reshe mota ta wuce ta ƙarƙashinta ba wanda ya lura.

Ribar wuri mai nisa a wani gefen take. A gandayen da suka yi suna, irin su Masai Mara ta Kenya da ramin Ngorongoro na Tanzaniya, akan ga motoci da yawa sun yi wa zaki ɗaya ƙawanya, direbobi suna sanar da juna ta rediyo. A Katavi kuwa mutum zai iya wuni bai haɗu da wata mota ba, don haka tilas a nemo dabba da sanin daji, kuma a ganina nan daɗin tafiyar yake. Jagora nagari zai tsayar da mota ya leƙa ƙasa, ya ce wannan sawun na tsakar dare ne tunda zabbin daji sun taka shi da asuba. Zai kashe inji ya saurari haushin gwaggon biri, wanda yakan tona asirin damisa, ya dubi inda ungulaye ke sauka, ya kuma gane cewa tashin carki daga cikin duhuwa na iya nufin akwai ɓauna a ciki. Bayan kwana biyu kai ma za ka fara jin dajin da kunnenka. Shi ya sa nake ba da shawarar a yi aƙalla kwana uku a kowane sansani, maimakon a riƙa tsalle daga wannan gandu zuwa wancan kullum.

TAMBAYA: Maigidana yana son mu je tare, ni kuma ina gudun wahala. Yaya wurin kwana yake, kuma yaya wuni yake tafiya?

AMSA: Hajiya, wahalar ba ta kai yadda kike zato ba, sai dai akwai abubuwan da za ki haƙura da su. A yawancin sansanonin da ke cikin daji sosai ɗaki tanti ne na tamfol mai kauri, da gado na sosai da gidan sauro, da makewayi a bayansa. A ƙananan sansanoni ruwan wanka a wuta ake ɗumama shi, a zuba a bokiti mai famfo a rataye a sama, mutum ya tsaya a ƙarƙashi, kuma bokitin nan shi ne rabonsa. Lantarki na hasken rana ne, yana wadatar da fitilu da cajin waya, amma ba ya ɗaukar kayan da ke jan wuta da yawa. A kwarin Luangwa akwai sansanonin da ake ginawa da ciyawa da itace duk shekara bayan ruwa ya ɗauke, a kuma kwashe su kafin damina ta faɗi.

Zafin rana ne ke tsara wuni, domin dabbobi da sanyin safiya da na yamma suke yawo. Ana tashin baƙi wajen ƙarfe 5 na asuba, a fita da fitowar rana a mota mai buɗaɗɗen gefe, a dawo wajen ƙarfe 10 ko 11. Daga nan hutu ne har wajen ƙarfe 4 na yamma, sannan a sake fita zuwa faɗuwar rana. A inda doka ta yarda, kamar Luangwa ta Kudu, akan ci gaba da yawo bayan duhu da fitila mai ƙarfi, kuma a lokacin ne aka fi dacewa da damisa da kura da sauran masu yawon dare. Hanyoyin na ƙasa ne masu gargada da ƙura, saboda haka mai ciwon baya ya faɗa tun da wuri a ba shi kujerar gaba.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne sanyi. A Botswana da Zambiya da Zimbabwe watannin Yuni da Yuli su ne tsakiyar hunturu, kuma a yankin Kalahari sanyin asuba yakan kai ga ruwa ya daskare, ga iska tana dukan mutum a buɗaɗɗiyar mota. Ki riƙe rigar sanyi da hula, ki sa kaya kan kaya yadda za ki riƙa ragewa in rana ta ɗaga. Daren farko kuma da wuya ki yi barci mai nauyi, domin tamfol ba ya tare sauti. Za ki ji kukan kura, ki ji dorina tana tsinkar ciyawa a bayan tanti, ki kuma ji rurin zaki, wanda ake iya ji daga nisan kilomita 8, ko da yake a cikin dare kamar a bakin ƙofa yake.

TAMBAYA: An ce sansanonin ba su da shinge, har ma akan fita yawo a ƙafa a cikin zakuna da giwaye. Wannan ba ganganci ba ne?

AMSA: Gaskiya aka faɗa maka, Malam, mafi yawansu ba su da shinge, kuma giwa tana ratsa tsakanin tantuna in ta ga dama. Hatsari yana nan, kuma akan samu asarar rai jefi-jefi, sai dai sau da yawa in aka bi diddigi akan tarar an karya ɗaya daga cikin 'yan ƙa'idojin da ake karanta wa baƙo ranar da ya sauka. Ba a fita daga tanti bayan duhu sai da ɗan rakiya mai fitila. Ana rufe zik ɗin tanti ruf, ba a kuma ajiye abin ci a ciki, saboda kura da dage da birai suna bin ƙamshi. Akan bar wa baƙo usur ko rediyon hannu don kiran taimako, kuma amfaninsa shi ne mutum ya kira yana ciki, kada ya fito.

A cikin mota kuma, dabbobin da suka saba da ita suna ɗaukar ta da mutanen cikinta a matsayin abu guda da ba ya cutar da su. Da zarar wani ya miƙe tsaye, ko ya fito da hannu, ko ya ɗaga murya, siffar mutum ta bayyana, dabbar kuma sai ta gudu ko ta fusata. Mutane zaki suke tsoro, amma masu aikin daji sun fi taka tsantsan da wasu. Dorina takan fito kiwo da dare ta koma ruwa da asuba, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku, domin duk da nauyinta tana iya gudun kusan kilomita 30 a awa. Tsohon namijin ɓauna da ya bar garke yakan kwanta a cikin duhuwa ya taso ba gargaɗi. Giwa mai ɗa ba ta da wasa, haka nan toron giwa a lokacin da sha'awa ta motsa masa, wanda ake ganewa da ruwan da ke gangarowa daga gefen fuskarsa. Bakin kogi kuwa, kome kwanciyar ruwan, a ɗauka akwai kada.

Yawon ƙafa ya samo asali ne a kwarin Luangwa, inda wani Bature mai kula da namun daji, Norman Carr, ya fara shi a shekarun 1950, kuma har yau Zambiya da Zimbabwe ne suka fi shahara da shi. Ana tafiya a layi ɗaya, mutum shida ko kusa da haka, ma'aikacin gandu mai bindiga yana gaba, jagora yana biye da shi, kuma ba a hira da ƙarfi. Jagora yakan riƙe 'yar jakar toka, ya karkaɗa ta don ya ga inda iska ta nufa, saboda a kusanci dabba ta inda warin mutum ba zai kai mata ba. Babbar doka ita ce kada a gudu, kome ya taso, domin gudu yana tayar wa mai farauta da halinsa na bin abin da ya juya baya, kuma babu wanda zai tsere wa zaki ko ɓauna da ƙafa. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, to duk muƙamin mutum a gida, a nan abin da jagora ya ce shi za a yi ba gardama. Yawancin sansanoni ba sa yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ya shiga wannan tafiya.

Akwai kuma hatsarin da ba na dabba ba. Wasu gandayen suna yankunan da 'yan bindiga ke kai kawo. Virunga ta Kwango, wadda aka kafa a 1925 kuma tana cikin gandayen da suka fi daɗewa a Afirka, an rufe ta ga baƙi a 2018 bayan an sace wasu masu yawon buɗe ido. A binciki halin tsaron wuri daf da tafiya, domin labarin bara ba ya amfani a wannan batu.

TAMBAYA: Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

AMSA: Ga mai son ganin manyan dabbobi, rani ne. Idan ciyawa ta bushe ido yana kaiwa nesa, idan kuma tafkuna suka ƙafe dabbobi sai su taru a ɗan ruwan da ya rage. A kudancin Afirka da kudancin Tanzaniya wannan lokaci daga Yuni ne zuwa Oktoba, kuma ƙarshensa ya fi yawan dabbobi, ya kuma fi tsananin zafi, domin a kwarin Luangwa ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a Oktoba. A Katavi a daidai wannan lokaci kogin Katuma yakan koma 'yan kududdufai, ɗaruruwan dorina su cunkushe a cikin taɓo suna faɗa, kadoji kuma su shige ramukan da suka haƙa a gaɓa. Damina tana da nata kyau, daji ya yi kore, dabbobi suna haihuwa, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya sun iso, amma baƙar laka mai danƙo tana riƙe mota, sansanoni da yawa kuma a rufe suke. Filayen Busanga da ke arewacin Kafue ruwa ne ke shanye su, sai an shiga rani ake iya kaiwa can.

Kowane wuri dai da kalandarsa. Zakouma ta Chadi, wadda aka kafa a 1963, daminarta tana faɗowa ne a watannin da kudancin Afirka ke cikin rani, saboda haka ana zuwanta daga ƙarshen shekara zuwa wajen Afrilu, lokacin da gauraka da jan baki ke taruwa dubbai a bakin tafkuna. Giwayenta sun ragu daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010 saboda masu neman haure, kuma a shekarar ce ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun, daga baya garken ya sake fara haihuwa. Okavango ta Botswana kuwa abin mamaki ce, domin ruwanta daga tsaunukan Angola yake gangarowa, yana kuma ɗaukar watanni a hanya, sai ya iso ya cika fadamar tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama a wurin. A lokacin ne ake yawo a siririn kwalekwalen da ake turawa da gora, wanda suke kira mokoro.

Masu son ganin ƙaurar dabbobi a Serengeti ta Tanzaniya su sani cewa manyan dabbobi dangin gwanki da ake kira nyumbu da Swahili, waɗanda yawansu ya haura miliyan guda, tare da jakunan dawa, suna haihuwa a filayen kudu wajen Fabrairu, suna kuma tsallake kogin Mara a arewa tsakanin Yuli da Oktoba. Ranar tsallakewa kuwa ba mai iya yi maka alkawarinta, garke zai iya taruwa a gaɓa ya yi awa huɗu yana kallon ruwa sannan ya juya baya.

TAMBAYA: Ta yaya ake isa, kuma me zan ɗauka?

AMSA: Yawanci da ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum goma sha biyu ko ƙasa da haka, daga garuruwa irin su Arusha ta Tanzaniya da Maun ta Botswana, a sauka a filin ƙasa da wani lokaci sai mota ta kori dabbobi daga kai. Nauyin kaya yana da iyaka, galibi kilo 15 a gabashin Afirka, kilo 20 a Botswana, kuma a jaka mai laushi, domin akwati mai tauri ba ya shiga ma'ajiyar jirgin. Ka zaɓi tufafi masu launin ƙasa ko toka. Fari yana ɗaukar ido, baƙi da shuɗi mai duhu kuma suna jawo tsando, shi ya sa ma tarkunan da ake rataya masa a gandaye da waɗannan launuka biyu ake yin su. Kada ka ɗauki tufa mai zanen kakin soja, domin a Zimbabwe da wasu ƙasashe haramun ce ga farar hula. Kenya ta hana ledar zuba kaya tun 2017, Tanzaniya ta bi sahu a 2019, jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuma ba a tashinsa a gandu sai da izini a rubuce. In da abu ɗaya za a ce in zaɓa, madubin hangen nesa zan ɗauka kafin kyamara. Layin waya kuwa kada ka sa rai da shi, ka bar wa iyali lambar ofishin masu sansanin, su suna magana da daji ta rediyo ko wayar tauraron ɗan adam.

TAMBAYA: Ni mai hawan jini ne, shekaruna kuma sun ja. Me ya kamata in tanada ta fuskar lafiya?

AMSA: Baba, ka fara da ganin likitanka aƙalla wata guda kafin tafiya, ka kuma ɗauki maganinka fiye da na kwanakin da za ka yi, a jakar hannu, domin asibiti mafi kusa zai iya kasancewa tafiyar wuni guda a mota. Saboda wannan nisa ne masu sansanoni da yawa suke sharɗanta inshorar ɗauko marar lafiya da jirgi. A gabashin Afirka likitocin jirgi na ƙungiyar kiwon lafiya ta AMREF, waɗanda suka fara aiki a 1957, suna cikin masu yin wannan hidima, sai dai ƙananan filayen daji ba su da fitilu, don haka abin da ya faru da dare yakan jira wayewar gari.

Kusan duk waɗannan gandaye suna yankin zazzaɓin cizon sauro, kuma sauron daga magariba zuwa asuba yake cizo. Likita zai zaɓa maka maganin kariyar da ba zai ci karo da na hawan jininka ba, kai kuma ka haɗa da doguwar riga da man korar sauro da gidan sauro. Ƙasashe da yawa suna neman katin rigakafin shawara daga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 ba ya ƙarewa har iyakar rayuwa. Kada ka yi wanka a tafki ko kogi, ko ba don kada ba, saboda tsargiya. Ka yawaita shan ruwa ko ba ka jin ƙishirwa, domin busasshiyar iska tana shanye gumi mutum bai sani ba. Cizon tsando yana da zafi, mafi yawansa kuma iyakarsa ke nan, amma ɗan kaɗan daga cikinsa yana ɗauke da ciwon barci. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan ka dawo, ko da an yi makonni, ko ka ga wurin cizo ya kumbura ya zama gyambo, ka je asibiti a ranar, ka gaya wa likita sunan gandun da ka je da kwanakin da ka yi a can.